Yadda Ake Rubuta Takardar Tarihin Aiki Idan Akwai Giɓin Shekaru

Gabatarwa

Takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da CV, ita ce ake haɗawa da takardar neman aiki domin nuna makarantun da mutum ya halarta da wuraren da ya yi aiki, kowanne da shekararsa. Da dama daga cikin masu neman aiki a Sule Tankarkar da sauran ƙananan hukumomin masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa, suna da shekarun da ba su makaranta, ba su kuma kan albashi. Wannan giɓi ba laifi ba ne. Abin da ke kayar da mutum a gaban kwamitin tantancewa shi ne ɓoye shi ko cike shi da ƙarya.

Dalilan da suka saba kawo giɓi

1. Yajin aikin malaman jami'a na ƙungiyar ASUU, wanda ya ɗauki kimanin wata tara a 2020, da wata takwas a 2022.
2. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, lokacin da aka buɗe iyakoki huɗu har da ta Maigatari. Sai kuma rufe iyaka da Jamhuriyar Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Wannan ya taɓa masu dogaro da kasuwar Alhamis ta Maigatari.
3. Ƙarewar aikin wucin gadi, kamar shirin N-Power da aka fara a 2016.
4. Noma, kiwo, ci-rani, aure da reno, rashin lafiya ko jinyar iyaye.

Yadda za a rubuta

A jera shekaru daga na baya-bayan nan zuwa na farko, kada a tsallake ko ɗaya. A ba giɓin layinsa, a faɗi abin da aka yi cikinsa a taƙaice. Misali:

2022 zuwa 2023: Koyarwar sa kai a makarantar Islamiyya, aji biyu.
2020 zuwa 2021: Noman gero da riɗi a gonar gida, tare da riƙe lissafin kuɗin ƙwadago da na taki.
2019: Jinyar mahaifiya, an kammala.

Dalilin da ya shafi iyali ko lafiya, layi ɗaya ya wadatar. Aikin allurar rigakafin shan inna, aikin zaɓe na wucin gadi, sakatarcin ƙungiyar manoma da koyon ɗinki ko gyaran waya duk ƙwarewa ce, kuma ana rubuta su. Wanda bai taɓa aikin albashi ba, sai ya sa karatunsa da sana'arsa a sama.

Shaidu

Kowane layi ya kasance da mai tabbatar da shi: shugaban makaranta, maigidan sana'a, shugaban ƙungiya, dagaci ko hakimi. A nemi izinin mutum kafin a sa sunansa. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala digiri ko babbar difloma, ya haɗa da takardar ɗauke masa hidimar ƙasa daga hukumar NYSC, domin ita ce ke bayyana dalilin rashin shekarar hidima.

Gargaɗi

Kada a rage shekarun haihuwa domin rufe giɓi. Ana gwada ranar haihuwa da ke kan takardar da wadda ke kan shaidar firamare da lambar NIN, kuma saɓani yana iya fitowa ko bayan an kama aiki. Bayar da bayanin ƙarya babban laifi ne a dokokin aikin gwamnati, hukuncinsa yana kaiwa ga kora. Haka kuma, idan an kai bugu shagon kwamfuta, a karanta takardar kafin a karɓa, domin wasu kan ɗauko ta wani su sauya suna kawai.

Ga jami'ai da masu sarauta

Ana shawartar kwamitocin tantancewa da su tambayi mai neman aiki dalilin giɓi kafin yanke hukunci. Masu ba da takardar shaida kuwa, kada su sa hannu sai a kan abin da suka sani, kuma su rubuta shekarun da abin ya faru.