Rufe Masallatai a Nijar Lokacin Korona

A ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Jamhuriyar Nijar. Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta rufe iyakoki da makarantu, ta kafa dokar hana fitar dare a Yamai, ta kuma dakatar da sallar jam'i. Wannan na ƙarshe shi ya fi yi wa jama'a ciwo. An tuntuɓi manyan malamai, amma bayanin bai sauka sosai ga limaman unguwanni ba, alhali su talaka ya fi saurare. Tarzoma ta ɓarke a Mirya ta jihar Damagaram, sannan a Yamai gab da azumi, matasa suna ƙona tayoyi a tituna. Ranar 13 ga Mayu aka sake buɗe masallatai, bisa sharaɗin wanke hannu, sanya takunkumi da barin tazara a sahu.