Waye ke da alhakin makarantar firamare? Tsarin hukumomin ilimi a Sakkwato

Idan rufin aji ya yaye a makarantar firamare ta gari irin Dandin Mahe da ke ƙaramar hukumar Shagari, ko albashin malamai ya makara, sau da yawa iyaye ba su san ƙofar da za su buga ba. Dalili kuwa shi ne matakan gwamnati uku ne ke da hannu a makarantar, kowanne da nasa rabon aikin.

Mataki mafi kusa shi ne Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukuma, wadda Sakataren Ilimi ke jagoranta. Kowacce daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar tana da tata. Ita ce ke sa ido kan halartar malamai, da tura masu duba makarantu, da tattara alƙaluman ɗalibai, da miƙa buƙatun shugabannin makarantu zuwa sama. Tushen wannan aiki yana cikin Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ɗora wa ƙananan hukumomi shiga cikin samar da ilimin firamare da na manya da na sana'a.

A samanta akwai Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, SUBEB, mai kula da manyan gine-gine, da rabon kayan karatu, da horas da malamai. A Abuja kuma akwai UBEC. A birnin Sakkwato ne Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya ranar 30 ga Satumba, 1999. Dokar 2004 ta mayar da karatun shekara tara kyauta kuma tilas: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ta kuma ware wa shirin aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Sai dai jiha ba ta karɓar tallafin gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Jihar da ta yi jinkiri, kuɗinta na nan kwance a Abuja, yara kuwa na zaune a ƙasa.

Akwai ayyukan da ƙaramar hukuma ɗaya ba za ta iya ɗauka ita kaɗai ba, don haka ake tarayya a kansu. Ma'aikatar Ilimi ta kasa jihar zuwa shiyyoyi, cikinsu har da na Bodinga da na Yabo, inda ofishi guda ke duba makarantun ƙananan hukumomi da dama. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ta daɗe tana yaye malamai masu shaidar NCE, mafi ƙarancin takardar koyarwa a ƙasar nan. 'Ya'yan makiyaya kuwa suna da hukumar tarayya da aka kafa a 1989, mai hedikwata a Kaduna.

Batun da ya fi jawo muhawara shi ne albashi. An daɗe ana cire albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi kafin ragowar ta isa gare su. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Malamai da dama sun nuna fargaba, domin ba su manta da abin da ya biyo bayan 1991 ba, lokacin da aka mayar da firamare hannun ƙananan hukumomi, bashin albashi ya taru, har aka sake kafa hukumar firamare ta ƙasa a 1993.

Ga iyaye, hanyar ƙorafi tana farawa ne daga kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda ya ƙunshi iyaye da malamai da masu sarauta. Daga nan sai shugaban makaranta, sai ofishin Sakataren Ilimi. Abin da ya shafi sabon gini ko babban gyara, shi ake kai wa SUBEB a Sakkwato.