Tarihin Na'urar Gashi ta George Foreman da Matsalolin Ƙirarta

Gashin nama a Amurka al'ada ce ta harabar gida, inda ake hura gawayi a sarari saboda hayaƙi, kuma ko da yake an daɗe ana ƙera na'urorin gashi masu aiki da lantarki, babu wadda ta mamaye ɗakunan girki kamar wadda kamfanin Salton ya fito da ita a 1994. Michael Boehm ne ya ƙirƙiro ta, amma sunan da ya bi ta shi ne na George Foreman, ɗan damben da ya sake karɓe kambun duniya na ajin masu nauyi a wannan shekarar yana da shekara 45. Kasuwa ta buɗe mata har ta kai a 1999 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 137.5 domin mallakar sunan.

Ƙirarta faranti biyu ne na ƙarfe masu tsaga-tsaga, ɗaya a ƙasa ɗaya a jikin murfi, waɗanda ke gasa nama ta fuska biyu ba sai an juya ba, an kuma karkata su gaba domin kitsen da ya narke ya gangara cikin wani ɗan tire na roba. Wannan gangarowar kitse ce tallan talabijin ya riƙa nunawa, a zamanin da Amurkawa ke gudun maiƙo.

Sai dai sauƙin ƙirar da ya rage mata farashi shi ne ya jawo wa mai girki wahala. Samfuran farko ba su da makunni, wato maɓallin kunnawa da kashewa, don haka sai an zare filogi daga soket kafin ta mutu, ba su kuma da abin daidaita zafi, lamarin da kan sa tsoka mai kauri ta ƙone a waje alhali cikinta bai nuna ba. Tiren kitsen ba a maƙale yake da jikinta ba, ajiye shi kawai ake yi a gabanta, da hannu ya ɗan taɓa shi sai maiƙo ya malale a kan teburi. Wanke ta ya fi kowanne ciwo, domin farantan a manne suke da wayar da ke ɗumama su, ba dama a tsoma na'urar cikin ruwa, sai dai a bi kowace tsaga da 'yar makankarar roba tun ƙarfen yana da ɗumi, ana kaffa-kaffa kada a kankare shafen da ke hana nama kamawa.

Daga baya an fito da samfura masu farantai da ake cirewa a wanke da kuma ma'aunin zafi, amma waɗannan gyare-gyare sun zo ne da ƙarin kuɗi, kuma an ci gaba da sayar da ƙarama marar makunni a matsayin mafi araha.