Daga Zauren Alƙali zuwa Kotun Bakin Titi: Tarihin Shari'ar Laifuffuka a Arewacin Najeriya

Mutum uku da aka kama rana ɗaya a Kano suna iya ƙarewa a kotu uku. Wanda ya fizge waya a kasuwa yakan gurfana gaban majistare ko alƙalin kotun shari'ar Musulunci. Wanda ake zargi da kisan kai, yawanci Babbar Kotun Jiha ce za ta saurare shi. Wanda aka kama da miyagun ƙwayoyi kuwa sai Babbar Kotun Tarayya. Shi direban da ya yi lodi fiye da ƙa'ida, ana iya yanke masa tara a bakin titi kafin fasinjojinsa su gama shan ruwa. Wannan rabon aiki ya ɗauki fiye da shekara ɗari yana ginuwa, kowane zamani yana ɗora nasa a kan wanda ya tarar.

A Daular Usmaniyya ta Sakkwato shari'a tana hannun alƙalai masu bin mazhabar Malikiyya, manyan ƙararraki kuma su tafi fadar sarki. Da Turawa suka ci ƙasar, Gwamna Lugga ya bar waɗannan kotuna, domin ba shi da ma'aikatan da za su maye gurbinsu. Dokokinsa na 1900 da 1906 sun amince da su, daga baya aka kasa su daraja huɗu, daga A zuwa D. Kotun daraja ta A, wadda yawanci ta sarki ce, tana iya yanke hukuncin kisa, amma sai Gwamna ya tabbatar. An hana yanke hannu da jifa, an bar bulala, kuma Razdan da Di'o suna da ikon duba kundin alƙali su rage hukunci. A gefe guda Turawa sun kawo nasu kundin laifuffuka a 1904, wanda aka kwaikwayo daga na Kwinsilan ta ƙasar Ostireliya, don amfani a kotunansu.

Doka biyu a ƙasa ɗaya, dole wata rana su yi karo. Hakan ya faru a 1947 a shari'ar Tsofo Gubba. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa saboda ya kashe mutumin da ke neman matarsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa a kundin Turawa wanda aka tunzura har ya yi kisa ba a kashe shi. Sarakuna da malamai sun ji zafin abin ƙwarai, domin a ganinsu an ɗora dokar baƙo a kan ta Musulunci. Aka yi ta yi wa doka kwaskwarima a shekarun da suka biyo baya, maganar ba ta mutu ba.

Gab da samun 'yancin kai, ga koke-koken ƙabilu marasa rinjaye da suka kai gaban Hukumar Willink, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958. Shugabansa shi ne Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da alƙali Muhammad Sharif daga Pakistan da Farfesa Anderson daga Landan. Zaɓen Basudane ya dace da tarihi, don malaman Sudan ne suka koyar a Makarantar Shari'a ta Kano tun kafa ta a 1934. Daga shawarar kwamitin aka samu dokar Final Kod, wadda aka gina a kan ta Sudan, ita kuma ta Sudan a kan ta Indiya. Ta fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, kwana ɗaya kafin 'yanci. Sulhu ce aka yi da hikima: laifi ɗaya, doka ɗaya ga kowa, amma an bar zina da shan giya a matsayin laifi ga Musulmi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da aka kafa a lokacin an taƙaita ta ga aure, gado da makamantansu, kuma Sheikh Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962.

Sojoji ne suka raba sarakuna da shari'a. A 1967 aka soke kotunan sarakuna, a 1968 kotunan En'e suka koma kotunan yanki a ƙarƙashin sashen shari'a na jiha. Shi ya sa har yau ƙaramar hukuma a Najeriya ba ta da kotu tata. Kotun da ke ƙauye ma ta jiha ce.

Ta tarayya ita ce auta. An kafa ta a 1973 don ƙararrakin kuɗin shiga, tsarin mulkin 1979 ya mai da ita Babbar Kotun Tarayya, sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 kuma ya faɗaɗa huruminta. Cin amanar ƙasa, fasa-ƙwauri, jabun kuɗi, ƙwayoyi da ta'addanci duk nata ne. Ƙararrakin jiha da na tarayya suna haɗuwa a Kotun Ɗaukaka Ƙara, sannan Kotun Ƙoli.

A watan Oktoba na 1999 Gwamna Ahmed Sani Yarima ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara, kundinta ya fara aiki a Janairun 2000, wasu jihohi 11 suka bi wannan hanya. An yanke hannun Buba Bello Jangebe a Maris na 2000 kan satar saniya. Safiya Husaini a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina, waɗanda aka yanke wa hukuncin jifa, kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar ne da kansu suka wanke su a 2002 da 2003.

Inda tsarin ya fi cutar da talaka shi ne tsakanin kotu da kotu. 'Yan sanda na tarayya ne, majistare na jiha. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Sai a kai mai zargin fashi ko kisa gaban majistaren da ba shi da hurumin shari'ar, ya tura shi gidan yari a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a. Fayil ya ɓace, ɗan sandan da ya yi bincike a canza masa wurin aiki, mutum ya yi shekaru ba a tabbatar masa da laifi ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar masu jiran shari'a ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ƙayyade irin wannan tsarewa zuwa kwana 14 a karon farko, ta kuma wajabta wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Dokar ta yi kyau, amma aiki da ita ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Laifin hanya kuma masu kamu sun fi masu hukunci yawa. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa da aka kafa a 1988, Wole Soyinka na shugabanta na farko, ga jami'an duba lafiyar mota, ga hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA a Kano da takwararta a Kaduna. Galibin direbobi suna biyan tara su karɓi motarsu ba tare da ganin alƙali ba. Wanda ya musa yana da haƙƙin zuwa gaban majistare, kuma lokutan bukukuwa ana kafa kotun tafi-da-gidanka a manyan hanyoyi, inda majistaren jiha ke hukunta laifin da jami'in tarayya ya kama. Idan tuƙin ganganci ya jawo asarar rai, maganar ta wuce bakin titi, ta zama cikakkiyar shari'ar laifi.

Wa ke da ikon cin tara ya zama abin jayayya shi ma. A watan Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an duba motoci na birnin ba su da ikon tsare mota ko cin direba tara, domin wannan aikin kotu ne.