Shari'ar Biri ta 1925 da shafin da ba a kai kotu ba

Duk lokacin da gardama ta tashi tsakanin uwaye da malaman lakwal kan darasin asalin ɗan Adam, nakan tuna da Dayton, wani ƙaramin gari na jahar Tenesi a Amurka. A watan Maris na 1925 jahar ta kafa doka: an hana malamin makarantar gwamnati koyar da cewa mutum ya samo asali daga dabba, saɓanin labarin halitta da ke cikin Baibul. Sai manyan garin, masu son a ji sunan Dayton ko kasuwa ta motsa, suka lallashi wani malami ɗan shekara 24, John Scopes, ya yarda a kai shi ƙara.

Sunan garin kuwa ya fita. Gidan rediyo na Chicago ya watsa zaman kai tsaye, jaridu suka raɗa masa suna "Shari'ar Biri". William Jennings Bryan, wanda ya nemi shugabancin Amurka sau 3, ya tsaya wa doka, lauya Clarence Darrow ya kare malamin. A ƙarshe aka ci Scopes tarar dala 100. Kotun ƙoli ta jahar ta soke tarar a 1927, dokar kuma ta zauna har 1967.

An saba ba da labarin kamar kokawar ilimi da jahilci. Ni ban gan shi haka ba. Bryan yana cewa uwayen da ke biyan albashin malami suna da bakin magana kan abin da za a koya wa ƴaƴansu, yana kuma tsoron a fake da ra'ayin Darwin a halasta wa mai ƙarfi danne marar ƙarfi.

Tsoron nan yana da tushe, a cikin littafin da aka yi shari'ar a kansa ma. Civic Biology na George Hunter, bugun 1914, wanda jahar da kanta ta amince a karantar, ya kasa mutane jinsi 5, ya ɗora Turawa a sama. Ya kuma ba da shawara a hana wasu iyalai haihuwa, wai su kaska ne a jikin al'umma. Dokar ba ta hana koyar da wannan shafi ba, ba kuma a kai kowa ƙara a kansa ba.

Masanan zamanin ma wannan son kai bai bar su ba. A Fabrairun shekarar, Raymond Dart ya bayyana ƙoƙon kan wani yaro da aka tono a Taung, Afirka ta Kudu, ya ce a nahiyarmu ya kamata a nemi mafari. Manyan masanan Ingila suka yi watsi da shi, don suna riƙe da ƙoƙon Piltdown da aka ce an tono a ƙasarsu. Sai a 1953 aka gano haɗi ne: ƙoƙon mutum da muƙamuƙin biri, an goge haƙoran, an rina ƙashin don ya yi kama da tsoho.