Tarihin Kiwon Awaki a Nasarawa Gwom: Turke Kafin Akuya

Kakanninmu da suka hauro tudun nan daga Kano, Katsina, Zariya da Bauchi a farkon ƙarni na ashirin, kuza ce ta kawo su. Wasu leburori ne a ramukan haƙa, wasu fatake, wasu mahauta. Da jirgin ƙasa ya haɗa Jos da Zariya zuwa 1914, na Fatakwal ya iso a 1927, sai gari ya buɗe, maza suka shiga ɗauko iyalansu. To, duk inda matar Bahaushe ta kafa murhu, ba a daɗewa za ka ji kukan akuya a bayan ɗaki.

Dalili kuwa, akuya ita ce asusun mace. Cikinta wata biyar ne, kuma sau da yawa biyu take haifa. Da ita ake sayen kayan ɗakin 'ya, da ita ake fita kunya ranar biki ko ranar ciwo. Wadda iyayenmu suka fi sani ita ce jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, mai fatar nan da fatake ke ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka riƙa ce mata fatar Maroko.

Amma fa Jos ba Kano ba ce. Tudunmu ya kai mita 1,200, ga sanyi, ga ruwa tun daga Afrilu har Oktoba. Akuyar da ta saba da busasshiyar ƙasa, in ta kwana a laima, sai tari, sai zawo, sai ruɓewar kofato. Dole iyaye mata suka koyi yi mata rumfa mai rufi, da daɓe mai ɗan tudu, da shara kullum. Gidan binciken cututtukan dabbobi da aka kafa a Vom a 1924 saboda annobar shanu, yana nan har yau, kuma yana yin allurar rigakafin cutar PPR, mai sa majina da zawo, wadda kan share garke cikin 'yan kwanaki.

Sai batun saki. A garuruwanmu na asali, da zarar an yi shuka ake shela kowa ya ɗaure dabbarsa, bayan girbi a sake. Nan kuwa wannan tsari bai taɓa zama daidai ba. Da damina maƙwabtanmu Afizere, Anaguta da Berom na da acca da masara a gona. Da rani kuma ga lambuna a bakin Dilimi da kududdufan da kuza ta bari, cike da kabeji, karas da latas. Ke nan babu watan da akuya za ta yi yawo ba ta shiga haƙƙin wani ba.

Yau unguwa ta cika, fili ya ƙare. Abin da ya rage wa sakakkiyar akuya shi ne bola, inda take haɗiyar leda ta cushe mata tumbi, ta rame ta mutu, ko titi inda mota ke jiranta. Tun rikicin Satumba 2001 kuma mun san yadda ƙaramar magana kan girma a garin nan. Kabeji guda bai isa ya haɗa mu da maƙwabci ba.

Don haka 'yan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ku nufi kasuwa, ku tanadi turke da rumfa, dusa da harawa, kanwa da ruwa mai tsabta, da kuɗin allura da maganin tsutsar ciki. Sabuwar akuya a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Wanda ba shi da wurin ɗaurewa, ya ba da kiwo a ƙauye, a raba 'ya'ya kamar yadda aka saba. Dabba amana ce, maƙwabtaka ma haka. Allah ya sa albarka a turakunmu, ya zaunar da mu lafiya, amin.