Kashi ɗaya cikin ɗari da ya haska titunan Turai

A 1885, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani matashin masanin sinadarai mai suna Carl Auer von Welsbach ya yi rajistar wata dabara: a tsoma saƙar auduga cikin ruwan gishirin wasu ƙarafa, a busar, sannan a cinna mata wuta. Audugar takan ƙone ƙurmus, ta bar raga ta toka mai siffarta. Tokar nan oksaid ce, wato ƙarfen da ya haɗu da iskar oksijin. Idan harshen wutar gas ya buge ta, sai ta yi haske, ta zama lagwanin fitilar gas.

Lagwanin farko bai samu karɓuwa ba. Haskensa kore-kore ne, ga shi da saurin rugurgujewa, har masana'antarsa ta rufe a 1889.

Auer, wanda ya yi almajirci a wajen masanin sinadarai Robert Bunsen a birnin Heidelberg, bai karaya ba. A 1891 ya fito da sabon haɗi: kashi 99 oksaid ɗin toriyom, kashi 1 oksaid ɗin siriyom. Nan hikimar take. Toriyom zalla haskensa dishi-dishi ne, amma ba ya yawan zubar da zafi, don haka ragar takan yi zafi matuƙa. Ɗan siriyom ɗin shi ke mai da zafin nan farin haske. In aka ƙara shi fiye da kima, ragar ta huce, hasken ya ragu. Kamar gishiri a miya, ƙwarewar tana wajen awo. A ganina, ba don wannan kashi ɗaya ba, da ƙwan lantarkin Edison ya kori fitilar gas tun da wuri.

A wancan lokacin, daga yashin monazait na gaɓar tekun Brazil ake samo ƙarafan biyu, kuma irin wannan ma'adini yana cikin tarkacen kuza a tsaunukan Jos. Sai dai yashin ya fi yawan siriyom nesa ba kusa ba, shi ya sa ragowarsa ta yi ta taruwa tuli a masana'anta. A 1903 Auer ya narka siriyom da baƙin ƙarfe, ya sami gami mai tartsatsi da zarar an karce shi. Shi ne ƙanƙarar ƙyastun zamani da ke cikin laita har yau.